Kafin Ki Kama Gida a Nairobi

Wudil,
Jihar Kano.

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina, Ummi da Faruku. Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku, ya haɗa ku da mutanen kirki a inda za ku.

Za ki tarar da takardar a ƙasan jakar da na zuba miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Da gangan na sa ta can, don ba na so ki karanta ta a gabana. Ranar da kika zo da takardun nan masu hotuna kika baje min su a tabarma, kika ce, "Umma, ke da kika taɓa zama a Nairobi, wace unguwa za mu kama gida, wace makaranta za mu sa yara?" na jujjuya su, na ce Allah ya zaɓa mafi alheri, na tashi na shige madafa. Na ga ranki bai so ba. Na san in na fara maganar da baki ba zan kai ƙarshe ba.

Na yi murna da aikin da maigidanki ya samu, ko da yake na so a ce ya ƙara daɗewa a sabuwar jami'ar nan tamu, ina ganin jikokina kullum. Tun da soja suka koma bariki ƙofofin waje suka sake buɗe wa mutanenmu, kuma ba a hana mutum rabonsa. Mu ma haka ta faru da mu a mulkin farar hula na wancan karon. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana likitan dabbobi, aka ɗauke shi aikin yaƙi da cutar shanu a wata hukuma ta ƙasashe. Lokacin yayanki Abba yana ɗan shekara goma, ke ba ki fi huɗu ba, ƙaninki Yusufu yana goye. Ke abin da kike tunawa kaɗan ne, lilon da ke bayan gida da sanyin safiya. Sauran ban taɓa zama na ba ki labarinsa yadda yake ba.

Da muka sauka, hukumar ta haɗa mu da wani ma'aikacinta mai kula da gidajen baƙi. Da yamma guda ya zagaya da mu a mota. Ya fara kai mu wani gidan sama kusa da cikin gari, mai hawa uku, Indiyawa da Somalawa da 'yan ƙasa duk a ciki. Yara suna ƙwallo a tsakar gida, an shanya kaya a baranda, ƙamshin girki ko ta ina. Muna tsaye aka kira la'asar a wani ɗan masallaci a bayan layin. Babanku ya dube ni ya ce, "Rabi, nan fa ya kwanta min."

Na ce, "Malam, mun baro hayaniya a gida, kuma mu zo nan mu neme ta?"

Kin san inda na tashi a Lajawa, gidan gandu ne, ba ka tari sai wani ya ce sannu. Na ƙosa in ga na samu inda zan rufe ƙofa in ji shiru. Da mutumin ya hau da mu wata unguwa a kan tudu, ya nuna mana gida mai ciyawa kore shar da itatuwa masu fure, ya ce nan manyan ma'aikata suke zama, tun ban sauka daga mota ba na ce shi nake so. Babanku bai yi gardama ba. Ya ce, "To, ke za ki wuni a ciki."

Na kuwa wuni a ciki. Wata da watanni ban san fuskar maƙwabciyata ba. Kowane gida shinge ne dogo, da ƙofar ƙarfe, da maigadi, da kare. Ba a tafiya a ƙasa a layin sai masu aikin gida. In gishiri ya yanke min sai na jira Babanku ya dawo da mota. Azumin farko da muka yi, da agogo muke shan ruwa, don ko sau ɗaya ban ji kiran salla ba. Ranar Salla na tuƙa tuwo, na yi miyar taushe da ganyen da na samu, na zuzzuba a kwanoni kamar yadda na saba, sannan na tsaya ina kallon kwanonin, na rasa gidan da zan aika da su.

Don haka, Hadiza, kada ki zaɓi unguwa ta tagar mota, kada kuma ki zaɓe ta a hoto. Ku yi haƙuri da masauki ko da ya takura ku. Unguwar da ranki ya kwanta da ita, ki sauka ki taka ta da ƙafarki, da safe da kuma yamma. Ki riƙe hannun Faruku ki je har inda ake sayar da tumatir ki dawo. Ki yi sallama ki ga wa zai amsa. Ki sa maigidanki ya yi Juma'a a masallacin da ya fi kusa, ya zauna bayan salla ya gaisa da mutane. Ki tambayi inda asibiti yake, ki tambaya in ba mota yaya ake zuwa. Garin da na sani ya sauya, an ce yanzu ɓarayi sun yi yawa, ban ce ki yi wasa da tsaro ba. Amma katangar da ta hana ɓarawo shiga, ki duba ko ta bar wa maƙwabci hanya.

Sai maganar makaranta. Ita ma da ido na zaɓe ta. Makaranta ce ta 'ya'yan baƙi, 'ya'yan jakadu da manyan ma'aikata daga ƙasashe barkatai. Na ga filin wasa, na ga wurin iyo, na ga ɗakin karatu cike da littattafai, na ce ɗana ya tsallake. Shugabar ta tambaye mu ko muna da tambaya. Babanku ya tambayi lissafi da kimiyya. Ni na yi murmushi kawai, ina jin nauyin Turancina na kwalejin horon malamai.

Makarantar tana can ɗaya gefen garin. Motar makaranta takan ɗauki Abba gari bai gama wayewa ba, ta dawo da shi dab da magariba, ya yi barci a kan kwanon abinci. Azahar da la'asar sai ya haɗa su a gida, daga baya ma na lura sai na tuna masa. Wata rana na ɗauki littafinsa na ga an rubuta wani suna a bango. Na ce, "Littafin wa ka ɗauko?"

Ya ce, "Nawa ne, Umma. Haka suke kirana."

Abubakar ɗin da aka yanka masa rago, sunan kakansa, ya yi musu tsawo, suka mayar da shi Bobi. Na yi dariya a lokacin, na ce ai wannan sunan kare ne. Shi bai yi dariya ba. Bayan haka in na yi masa magana da Hausa sai ya amsa da Turanci, ni kuma ina jin daɗi wai yaro ya goge. Ranar da aka gayyaci iyaye kallon wasanni, na ci ado da atamfata da mayafi. Muna isa bakin ƙofar makarantar ya riƙe min hannu, ya ce a hankali, "Umma, ko za ki jira a mota?"

Na jira a motar. Ina jin tafi daga fili ina share hawaye, ina cewa yaron nan ya raina ni. Sai da na manyanta na gane yaro ne ɗan shekara goma da aka jefa shi cikin mutanen da ba wanda ya yi kama da shi, yana ta faman kada a yi masa dariya, kuma ba wanda ya tsaya masa. Da na fito daga motar nan na shiga da mayafina na gaisa da malamansa da kaina a sama, da ya ga ba abin kunya a ciki.

To, in kin je ganin makaranta, ki bar musu filin wasansu, kowa yana da shi. Ki nemi ganin malamar da za ta riƙe Ummi, ki faɗa mata sunan yarinyar, ki saurari yadda za ta maimaita. In ta yi ƙoƙari ta gyara bakinta, alama ce mai kyau. Ki tambayi inda yaro zai yi azahar, da abin da ake dafa musu, da yadda ake yi da mai azumi. Ki tambayi yaran da suka bar makarantar suka koma ƙasashensu, a wane aji aka karɓe su, don ku ma wata rana gida za ku dawo, kuma jarrabawar nan ce take jiransu. Ki auna nisa. Makarantar da za ta cinye wa yaro safiya da yamma, ita za ta yi miki tarbiyyarsa, ke sai dai ki ba shi abinci ya kwanta. Kada kunya ta hana ki tambaya. A cikin gida kuwa, in an rufe ƙofa, Hausa za a yi. Turanci ba zai ɓace musu ba.

Yanzu zan faɗa miki abin da ya sa na tashi na bar ki da takardunki a tabarma.

A shekararmu ta biyu, lokacin ruwan sama mai yawa, Babanku ya tafi rangadi can arewacin ƙasar wajen makiyaya, inda ba waya. Yusufu ya fara tafiya ke nan. Ya kwana da zazzaɓi, na ba shi maganin da ke gida, ya ɗan lafa. Abba ya tafi makaranta, ke ma motar ta ɗauke ki zuwa ajin ƙanana. Da hantsi ina ba shi ruwa sai jikinsa ya fara jijjiga, idonsa ya kafe. Na ɗauki waya, ba ta aiki, ruwa ya lalata layin. Matar da take taya ni aiki ranar ba ta zo ba.

Na saɓa shi na fita ba takalmi. Na buga ƙofar gidan da ke damanmu, kare ya taso, maigadi ya leƙo ta 'yar taga ya ce masu gidan sun fita. Na buga na gaba, maigadin ya ce ba a ba shi izinin buɗe wa wanda bai sani ba. Na ce masa ni ce matar gidan can, ya dube ni, bai taɓa ganina ba. Na gangara da gudu har babban titi, ina ɗaga hannu, motoci suna wucewa suna watsa min ruwa. Can wata tsohuwar a-kori-kura mai ɗauke da garewanin madara ta tsaya. Direban dattijo ne Basomale, mai jan gemu. Bai tambaye ni komai ba, ya buɗe ƙofa. Yana tuƙi yana karanta addu'a a fili, da ita na gane Musulmi ne.

Mun isa asibiti da ransa. Likitoci sun yi abin da za su iya. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce da muna wancan gidan saman da Yusufu ya rayu ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, ko a ƙofar asibiti kake zaune. Amma ina zaune a bencin asibitin nan, wata ma'aikaciya ta zo da takarda ta ce, "Wa za mu kira miki?" Na buɗe baki, Hadiza, na rasa suna ko ɗaya. Shekara biyu a gari.

Dattijon nan, Malam Abdi sunansa, ashe bai tafi ba. Madararsa tana mota tana lalacewa, shi yana tsaye a bakin ƙofa. Da guntun Turancinsa ya ce min, "'Yar'uwa, ki zauna. Kina da mutane." Ya tafi ya dawo da matarsa, Mama Faduma, da wasu mata uku da limaminsu. Su suka je ofishin Babanku aka aika masa ta rediyon hukuma. Su suka ɗauko ku daga makaranta. Matan suka bi ni gida, suka hura wuta, suka kwana da ni a ƙasa. Ba na jin harshensu, ba sa jin nawa. Mama Faduma ta riƙe hannuna tana cewa "pole, pole," wato sannu a bakin mutanen can, tana karanta Ƙulhuwallahu ina bin ta. Washegari Babanku ya iso, mazan masallacinsu suka yi wa Yusufu wanka da sutura, suka sallace shi, suka kai shi maƙabartar Musulmi. Unguwarsu ba ta da nisa da gidan saman nan da na ce yana da hayaniya.

Maƙwabtanmu na tudu da suka ji, sun aiko da furanni da kati. Matar gidan dama ta zo da kanta tana kuka, ta ce da ta san ni da ta bar wa maigadinta sallahu. Ba mugaye ba ne. Ni ma ban taɓa buga ƙofarsu ba sai ranar da nake da bukata.

Saboda haka duk inda kuka sauka, a makon farko ki yi girki ki ɗauka da hannunki ki kai gidan dama da na hagu da na gaba, ko wane addini suke yi, ko daga wace ƙasa suke. Ki faɗi sunanki, ki nuna musu yaranki, ki gaisa da masu gadinsu har su san fuskarki. Kuma kafin ku sa hannu a takardar haya, ki tambayi kanki wannan tambayar da ba ta da daɗi: in Allah ya kawo ƙaddara maigidana ba ya gari, wa zai zo? In ba ki da amsa, ba ki gama neman gida ba.

Akwai kuskure ɗaya da ya rage, shi kuma tsoro ne ya sa ni. Bayan arba'in na ce wa Babanku ba zan ƙara kwana a tudun nan ba. Muka koma kusa da su Mama Faduma, kuma ban taɓa nadamar wannan ba. Amma ban tsaya nan ba. Na ce Abba ma ya bar makarantar nan, a tsakiyar zango, a sa shi a wata ta kusa da gida. Babanku ya ce, "Rabi, a bari shekara ta ƙare mana." Na ce ko kwana ɗaya ba zan ƙara barin ɗana ya yi nisa da ni ba.

Na manta cewa malamarsa, wata Baturiya mai suna Misis Helen, ta zo ta'aziyya har gida, ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta kira shi Abubakar tiryan-tiryan, don ta sa shi ya koya mata. Na manta yana da aboki, wani yaro ɗan ƙasar Japan, wanda suke raba abinci, wanda shi ma a aljihu yake ɓoye sunansa na gida. Yaron ya sha wuya kafin ya samu wurin tsayawa a makarantar, yana samu na tumɓuke shi. A cikin wata biyu ya rasa ƙaninsa da gidan da ya sani da abokinsa. Bai yi kuka ba, bai yi musu ba, sai dai ya daina hira. Ba a daɗe ba soja suka sake karɓe mulki a gida, aka kira Babanku, muka dawo. A Kano aka ce karatunsa bai dace da na nan ba, aka mayar da shi baya aji guda, yara suna kwaikwayon Hausarsa.

Kin san yayanki, mutum ne mai kirki, ba abin da na nema na rasa a wurinsa. Amma kin san ba ya doguwar zama da ni. Bayan rasuwar Babanku, da jama'a suka watse, muna zaune ni da shi a zaure, na yi ƙarfin hali na ce, "Abba, wai ka ji haushina da na cire ka daga makarantar nan?"

Ya ce, "Umma, ban ji haushinki ba. Kawai dai da aka sa ni ba a tambaye ni ba, da aka cire ni ma ba a tambaye ni ba."

Ga shi magidanci har da gemu, amma muryar ta yaron nan ce. Na ce ya yafe min, ya ce ba komai, ya tashi ya shiga masallaci.

Ummi ta isa a tambaye ta. Ku tafi da ita ganin makarantun, in kun fito ki bar ta ta yi magana kafin ke ki yi. Ba ita za ta yanke ba, ku ne iyaye, amma ta san an ji ta bakinta. In an fara karatu, kada tambayarki ta tsaya a kan maki. Ki tambaye ta da wa ta zauna, wa ya ba ta dariya, da wane suna aka kira ta. In wani abu ya tsorata ki, kuma zai tsorata ki, kada ki yanke hukunci a ranar. Ki yi alwala, ki yi istihara, ki saurari maigidanki. Babanku sau biyu yana faɗa min gaskiya da murya ƙasa-ƙasa, sau biyu ina rinjayarsa don na fi shi ɗaga murya.

Ina da roƙo guda. Kin san mata ba ma bin gawa, don haka ban taɓa ganin inda aka sa Yusufu ba, wanda ya sani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Kada ku wahalar da kanku neman kabarin, ba a yi masa alama ba. In kun natsu, wata Juma'a maigidanki ya ɗauki Faruku su je maƙabartar Musulmin garin, su tsaya daga bakin ƙofa su yi wa duk na ciki sallama da addu'a. A faɗa wa yaron yana da kawu a wurin. Su Malam Abdi kuwa da wuya suna raye, kuma ban riƙe adireshinsu ba. In kin ga wata baƙuwa a tsaye bakin titi da yaro a kafaɗa, ki sa a tsayar da mota.

Mutanen gida duk suna gaishe ku, na Lajawa ma sun aiko da addu'a. Ni lafiyata ƙalau sai ciwon gwiwa, kada ki sa shi a ranki. Ki shafa min kan Ummi da Faruku. Allah ya ba ku gida mai albarka da maƙwabta nagari, ya ba yaran malamai masu tausayi, ya raba ku da sharrin dare da na rana. Allah ya dawo min da ku lafiya. In kuma kun tarar ba na nan, na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi